Kafin ku karɓi littafin ƙarin sihiri

'Yan uwa masu jan ragamar wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowane ɗan wasa ke jan jaruminsa a cikin labari, ana jefa dayis), in ɗan wasa ya zo da littafin ƙarin sihiri, kada ku karɓe shi dungurungum. Ku fara duba bugunsa. Sihirin bugu na 3.5 na dokokin wasan ba ya zama daram a bugu na 5, inda boka ba ya riƙe sihiri biyu masu buƙatar tattara hankali lokaci guda.

Sannan ku gwada ƙarfin kowane sihiri da na Fireball, sihirin ƙwallon wuta: a bugu na 5, mataki na 3 ne, ɓarnar dayis 8 masu fuska 6. Wanda ya zarce haka a wannan mataki, ku ɗaga shi zuwa mataki na gaba.

Ni dai sihiri biyu kacal nake bari kowa ya zaɓa daga littafin, su ma sai jaruminsa ya tsinci takardarsu a cikin labarin.