Yadda za ka gane sauron dengi, ka hana shi hayayyafa a gidanka

Ba kowane sauro ne ke yaɗa zazzaɓin dengi ba. Anopheles mai kawo maleriya ba ya yaɗa shi. Haka ma Culex, mai kukan nan a kunne da ke ƙyanƙyashewa a kwata da masai. Masu wannan aika-aika 'yan gidan Aedes ne, kuma a aikinmu na duba-gari su ne suka fi tayar min da hankali, domin mu da kanmu muke kiwon su a tsakar gida. A 2023 cutar ta yi mummunar ɓarna a Burkina Faso, ta ɓulla a Abeche ta ƙasar Chadi, sannan a watan Nuwamba aka tabbatar da ita a Sakkwato. Ke nan ba labarin nesa ba ne.

Fara da gane shi. Ƙarami ne, baƙi wuluk, ƙafafunsa da zobe-zoben fari kamar an ɗiga masa alli. Idan ka kashe ɗaya bai dagargaje ba, ɗora shi a farar takarda ka dubi gadon bayansa. Farin zane biyu masu lanƙwasa a gefe, da siraran layi biyu a tsakiya, wannan Aedes aegypti ne. Layi ɗaya tak miƙaƙƙe kuwa, Aedes albopictus ne, baƙon da ya fito daga Asiya ya bazu a duniya cikin tsofaffin tayoyi, aka fara ganin sa a Najeriya a jihar Delta a 1991.

Duk biyun suna yaɗa cutar, amma aegypti ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Albopictus ya fi son waje da wurin ciyayi, kuma yakan ciji dabbobi ma, don haka wani cizon nasa yana tashi a banza. Aegypti kuwa jinin mutum yake nema. Yana kwana cikin ɗaki, bayan labule, ƙarƙashin gado, jikin kayan da aka rataye. Ga shi da saurin firgita: da ka motsa ƙafa ya tashi ya koma kan na kusa da kai, sai macen sauro ɗaya ta ciji mutum uku ko huɗu kafin ta ƙoshi. Bayan ta sha jinin marar lafiya, ƙwayar cutar takan yi kwana 8 zuwa 12 a jikinta kafin ta kai yawunta. Daga nan har ta mutu duk wanda ta ciza yana cikin haɗari.

Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar zuwa magariba. Gidan sauron da kake shiga da dare yana kare ka daga maleriya, kada ka bar shi, amma bai isa ba a nan. Jariri da ke barcin rana a sa shi cikin gidan sauro, yara masu zuwa islamiyya da yamma a sa musu dogon wando da riga mai dogon hannu.

Babban aikin yana wajen ruwa. Wannan sauro ba ruwan kwata yake so ba, ruwa mai tsabta yake so: randa, duro, tankin da murfinsa ya fashe, kaskon ruwan kaji, gwangwani, tsohuwar taya a kan rufi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka ka ware rana ɗaya kowane mako, a ce Asabar, ka zaga gidan. Leƙa kowane mazubi da tocila. In ka ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, suna nitsewa ƙasa da haske ya taɓa su, to 'ya'yan sauron ke nan.

Abin da nake ta nanata wa iyayenmu mata shi ne: Hajiya, zubar da ruwan kawai bai wadatar ba. Macen ba a kan ruwa take saka ƙwai ba, a jikin randar take manna su, ɗan sama da inda ruwan ya tsaya. Ƙwan yana jure bushewa na watanni, ranar da aka sake cika randar sai ya ƙyanƙyashe. A sa soso da sabulu a dirje cikin bangon, a ɗauraye, a zubar da ruwan wankin a busasshiyar ƙasa, sannan a rufe bakin da murfi mai kamawa ko a ɗaure da ƙyalle. Taya a huda ta ko a cika ta da ƙasa. Yi wa maƙwabta da mai facin bakin layi magana, domin sauron ba ya tafiya mai nisa, wanda ya cije ka a unguwarku aka haife shi.

Idan wani ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi, aka gwada maleriya babu, a je asibiti a ambaci dengi. A ba shi ruwa sosai da farasitamol. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. Ya zauna cikin gidan sauro dare da rana a makon farko, don kada sauro ya kwasa daga jikinsa ya raba wa 'yan gida. Ku fi sa ido lokacin da zazzaɓin ya fara sauka: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo ko jini a dasashi, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.