Yadda zaka zama kocin ƙwallo na sana'a daga nan Legas

Samarinmu na Agege da Mile 12 sun sha tare ni da tambaya, wai malam gwiwa ta hana ni bugawa amma raina na kan ƙwallo, ta ina zan fara aikin koci? To ga hanyar da na sani.

Da farko ka samu yara. Tun kafin maganar takarda ka tara 'yan ƙasa da shekara 15 na layinku, ka roƙi fili ko na makarantar firamare ne, ƙwallo biyu da usur sun isa, in babu kuɗin kayan atisaye ka cika gorunan ruwa da yashi ka jera su yara su riƙa zagayawa da ƙwallo. Ku fita bayan sallar asuba kafin garin ya cushe, kuma ka riƙe littafi kana rubuta wa ya zo, wa ya makara, me aka koya yau. Littafin nan wallahi zai maka rana.

Daga nan ka nemi babban koci ka zauna a ƙarƙashinsa, ka ɗauki jakar riguna, ka yi shiru a benci kana kallon lokacin da yake canji da abin da yake faɗa wa yara a hutun rabin lokaci in an ci su biyu.

Sai karatu, kuma a nan mu 'yan Legas mun yi sa'a domin makarantar NIS, wato cibiyar koyar da harkar wasanni ta ƙasa, tana cikin babban filin wasa na Surulere, ka je da ƙafarka ka tambayi lokacin ɗaukar ɗalibai. Bayan ita ka bi lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, da ake yi ta hannun NFF, hukumar ƙwallon Najeriya, daga D zuwa C, B, sannan A. Kada ka raina ƙaramin, shi ne ƙofa.

Da takarda a hannu sai ka nemi kulob a NLO, gasar mataki na uku a Najeriya, in Allah ya taimaka ka haura NNL ta mataki na biyu har NPFL babbar gasar ƙasa. Amma fa ka shirya wa kora. Marigayi Shuaibu Amodu ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin kulob-kulob na Afirka (Cup Winners' Cup) a 1990, ya kai Najeriya gasar kofin duniya ta 2002 da ta 2010, duka biyun an sauke shi kafin a tafi, har yau abin na min ciwo. Manu Garba kuwa da yara ya yi suna, shi ya ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013.

Abu ɗaya nake roƙonka ɗan'uwa, kada ka karɓi sisin uba ko wakili don ka sa yaro a wasa, kada ka rage wa kowa shekaru. Sannan duk wasan da yaranka suka buga ka sa wani ya ɗauka a waya, ranar da shugaban kulob ya ce me ka taɓa yi, sai ka miƙa masa bidiyon da littafin nan naka.