Wufa a gidan haya a Jamus: shawara ga sababbin zuwa

Yawancin matasanmu da ke isowa Hamburg daga Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi, da zarar albashin farko ya shigo hannu, abin da suke fara shigarwa ɗaki bayan katifa shi ne babbar talabijin da kayan sauti, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne wufa, akwatin nan mai fitar da ƙugin da ake ji har a ƙirji. Ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin wanda ya wuni yana aiki cikin sanyi ya cancanci ya kalli fim ko ƙwallo da sauti mai daɗi. Abin da ke damuna shi ne ganin ƙannenmu suna faɗawa ramin da na faɗa, alhali an gaya musu.

Zaɓen akwatin ba shi da wahala. Wutar Jamus bolt 230 ce kamar ta gida, bakin fulogi ne kawai ya bambanta, amma kada a yi odar wufa daga Amurka ba a duba ba, domin tasu wutar bolt 120 ce. Ɗaki mai murabba'in mita 15 zuwa 20 wufa mai inci 8 ko 10 ta ishe shi, kuma rufaffen akwati ya fi dacewa da gidan haya a kan mai rami a jiki, wanda ya fi ƙarfin ƙugi a can ƙasa. A cikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta raba wa sifikoki, a saita iyakar rabon sauti a hats 80 (hats shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), a nuna mata cewa sauran sifikokin ƙanana ne, ta yadda duk amon da ke ƙasa da haka zai koma ga wufa.

Wahalar tana wajen maƙwabta da mai gida. Sautin ƙasa, wato ƙugi, yana da dogon zango: igiyar sauti mai hats 40 ta haura mita 8 a tsawo, saboda haka bangon da ke tare muryar ɗan wasa da kiɗan sama ba ya iya tare ta. Kai kana zaune kana jin fim daidai wa daida, wanda ke ƙarƙashinka kuwa ba ya jin komai sai dukan da ke girgiza silin ɗinsa. Abin ya fi muni a tsofaffin gidajen da daɓensu na katako ne, kuma irinsu da yawa daga cikinmu suke samu. A gida mun saba da ƙarar janareto da lasifikar biki, kowa yana haƙuri da kowa. A nan kuwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne da doka ta kare, Lahadi da ranakun hutu ma haka, kuma ƙa'idar ita ce kada sautin ɗakinka ya dami na waje. Wasannin Gasar Zakarun Turai da yawa ana take su ne da ƙarfe 9 na dare, ke nan zagaye na biyu yana faɗawa cikin lokacin shiru.

Ni a shekarata ta biyu na sayi wufa mai inci 12 na ajiye ta a kusurwar ɗaki, wurin da ƙuginta ya fi ƙaruwa, ban kuma sani ba. Dattijuwar da ke ƙasa da ni ba ta taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ba, na ɗauka lafiya muke zaune. Ashe tana rubuta rana da sa'a da tsawon lokacin duk ƙarar da ta ji, tana aika wa kamfanin da ke kula da gidan. Wata rana wasiƙa ta zo da kalmar Abmahnung a samanta, ni kuwa Jamusancina bai nuna ba, na jefa ta cikin durowa. Wannan takarda gargaɗi ce a hukumance, kuma idan aka ci gaba da damun jama'ar gida bayan ta, dokar haya ta ba mai gida damar soke yarjejeniya ba tare da wa'adin da aka saba ba. Sai da wasiƙa ta biyu ta zo, wani dattijo daga cikinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya karanta mini ita, ya kai ni ƙungiyar masu haya aka rubuta amsa, sannan na tsira da ɗakina. Makonnin nan ban yi barcin kirki ba, domin rasa ɗaki a nan ya wuce rasa wurin kwana: sai da takardar mai gida ake rajistar adireshi, wasiƙun ofishin baƙi ta wannan adireshin suke zuwa, sabon ɗaki kuma yana iya cin kuɗin ajiya har na hayar wata 3.

Jama'armu an san su da riƙon amana da biyan haya a kan lokaci, kuma waɗanda suka riga mu zuwa ne suka gina wannan suna da guminsu. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji yaro yana cewa ai da kuɗinsa ya saya, ai ɗakinsa ne. Ya fara karanta dokokin gidan da ke haɗe da yarjejeniyar hayarsa, waɗanda ake kira Hausordnung, tun kafin ya je kanti.

Wanda ya riga ya saya, ya janye wufar daga kusurwa da kuma bangon da ya haɗa shi da ɗakin barcin maƙwabci, ya kawo ta kusa da kujerar da yake zama, domin idan tana kusa ba ya buƙatar ƙara mata murya. Ya ɗora ta a kan katifar roba mai kauri da ake sayarwa don wannan aiki, wadda ke rage girgizar da ke bin daɓe, ko da yake ba ta hana ƙugin da ke bin iska. Amfilifayoyin Denon da Marantz suna zuwa da makirfo da tsarin Audyssey, na Yamaha kuma da YPAO, masu auna ɗaki su daidaita sauti, kuma yana da kyau a rage wufar kaɗan bayan awon. Daga nan ya kunna fim da rana, ya sauka ya gaisa da maƙwabcinsa, ya nemi izinin saurare daga ɗakinsa, ya kuma bar masa lambar waya. Da ƙarfe 10 ta buga a kashe wufar gaba ɗaya, a ƙarasa wasan da na'urar sawa a kunne.