Kurakuran da ake yi a daren farko da ɗan kwikwiyo zai kwana a ɗakinsa na waje

Yawancin masu kawo kare gida a wajenmu don gadi suke kawo shi, kuma a tsakar gida ko bayan gida zai kwana, wannan ba matsala bane, kare yana rayuwa lafiya lau a waje. Inda ake samun matsala shine kwanakin farko, a kawo ɗan kwikwiyo a rufe a keji, ya kwana yana kuka har asuba, maƙwabta su fara ƙorafi, shi kuma mai gida ransa ya ɓaci yace ai karen ne mai taurin kai. Wallahi ba taurin kai bane. Jiya a jikin uwarsa ya kwana cikin 'yan uwansa yana jin ɗuminsu, yau an kawo shi inda bai san kowa ba an kulle shi shi kaɗai cikin duhu, dole yayi kuka.

Kuskuren yana farawa tun wajen karɓo shi. Masu sayarwa da yawa suna bada kwikwiyo yana da sati 4 ko 5 saboda su huta da ciyarwa, kai kuma ka ganshi ɗan ɓul-ɓul ka ɗauka. Dan Allah ka bari ya kai sati 8 tare da uwarsa. Wanda aka raba da wuri shi yafi kuka, kuma jikinsa bai yi ƙwarin da zai jure sanyin dare ba.

Sai kuma lokacin kawo shi, wannan ne nafi so a kula dashi. Mutum ya taso daga aiki ya biya ya ɗauko shi da magariba, ko tsakar gidan bai gama shinshinawa ba an tura shi keji an ja sakata. Toh ta yaya zai so wurin? Ka ɗauko shi da safe, ranar da kake gida. Ka bar ƙofar ɗakin a buɗe, ka sa masa abincinsa a ciki can ƙurya, ya shiga ya ci ya fito da kansa, in ya gaji da wasa ya kwanta a ciki ka tura ƙofar na minti 5 ko 10 kana zaune a gefe, sannan ka buɗe tun kafin ya fara kuka. Kayi ta maimaita haka har yamma. Idan da hali tun kafin ranar ka kai wani tsumma wajen mai karyar a shimfiɗa musu su kwana a kai, ka taho dashi ka sa a ɗakin. Zaka ga ya cusa hancinsa a ciki ya zagaya sau biyu sau uku ya kwanta, warin uwarsa yake ji.

Wurin da ake gina ɗakin ma wani abu ne. An fi kai shi can ƙarshen gida kusa da janareta ko bakin gate inda ba motsin kowa sai ƙara da hayaƙi. In kejin na ɗauka ne, satin farko ka kawo shi kusa da tagar ɗakinka yadda zai riƙa jin muryar mutane, daga baya a riƙa matsar dashi kaɗan-kaɗan har inda kake so ya zauna.

Yanzu maganar kukan kansa. Wasu su fito da bulala, wasu su watsa masa ruwa ko su doki kejin da ƙafa, wannan tsoro kawai yake ƙara masa, kuma karen da ya tashi yana tsoron mai gidansa ba gadin kirki zai yi ba, ko ya zama matsoraci ko ya zama mai cizon yara. Wasu kuma tausayi ya hana su, da yayi ɗan ƙara sai a fito a ɗauke shi ana lallashi ana bashi abinci, gobe ya gane kuka ne yake buɗe ƙofa. Abin da za'a sani shine kwikwiyo ɗan wata 2 baya iya riƙe fitsari sai kamar awa 2 zuwa 3, kuma baya son ɓata inda yake kwana, don haka wani kukan neman fita yake. Ka fita dashi kafin ka kwanta, cikin dare ka tashi sau ɗaya ko biyu ka kai shi wuri ɗaya da ka zaɓa masa, ba wasa ba surutu, yana gamawa ka mayar dashi. In ka tabbatar ya ci, yayi fitsari, baya jin sanyi, toh ka ƙyale shi, yawanci cikin kwana 3 zuwa sati guda kukan yake raguwa. Kuma ba laifi ka sanar da maƙwabcinka tun farko kace ayi haƙuri na 'yan kwanaki.

Kar ka kwantar dashi a siminti tsirara, musamman lokacin hunturu ko in kana gari mai sanyi irin Jos. Ka sa katako ya ɗan ɗagu daga ƙasa, ka shimfiɗa buhu da tsumma, ka kare ɓangaren da iska take shigowa. Da bazara kuma rufin kwano ne matsala, yana riƙe zafi har bayan isha'i, sai an samu inuwa da mashigar iska da ruwan sha. Ƙasa zalla ma ba ta da kyau in tana jiƙewa da fitsari, akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a irin wurin, tsutsarsa ta shiga fatar kwikwiyo, sai kaga kurji kamar maruru da ɗan rami a tsakiya yana ta lasa yana kuka. A share kullum, a shanya tsumman a rana sosai. In kaska ce ko ƙuma take hana shi barci ka tambayi likitan dabbobi maganin da ya dace da shekarunsa, kar ka fesa masa Sniper ko fiya-fiya, kashe shi zai yi.

In an taɓa ajiye wani kare a ɗakin, balle in ya mutu da amai da zawo mai jini, wannan cutar parvo ce a mafi yawan lokuta, kuma ƙwayarta tana daɗewa a wuri wata da watanni. A wanke da sabulu tukun, sannan a zuba bilic irin su Hypo ko Jik, kofi 1 cikin kofi 30 na ruwa, a barshi minti 10 kafin a ɗauraye ya bushe. Allurar rigakafin farko ana yi ne a sati 6 zuwa 8 a ƙara bayan sati 3 ko 4, ta haukan kare kuma in ya kai wata 3, wannan ita ce mai bada kariya ga iyalinka ma. Maganin tsutsar ciki shima kar a manta.

Abincin dare a bashi kamar awa 3 kafin a rufe shi. Madarar gwangwani ko ta gari da ake ɗura masa don ya yi barci zawo take sa yawancinsu, sai a kwana ana wanke keji. Kar kuma a bar sarƙa ko igiya a wuyansa yana ciki, yana iya nannaɗewa ta shaƙe shi kana barci. Idan kaga kukan ya canza ya koma nishi, ya ƙi cin abinci, ko yana amai, kar ka bashi paracetamol ko maganin mutane, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, ƙaramin kwikwiyo kwana ɗaya na zawo ya isa ya ƙarar da ruwan jikinsa.