Yadda Za Ki Sa Hira Ta Tura Labari Gaba

Da farko, kafin ki buɗe bakin kowa a labarinki, tambayi kanki: me zai canja bayan wannan hirar? In ba komai, cire ta.

Na biyu, rage gaisuwa. A zaure mukan tambayi gida da gajiya da damina, amma a takarda layi biyu sun isa.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci: kowa ya shigo da buƙatarsa, ɗayansu kuma yana ɓoye wani abu. Misali, manomi ya kai sansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo ba sa, ba kuɗi. Matarsa ta tarbe shi:

"Sannu da dawowa, Malam. Ya kasuwa?"

"Alhamdulillahi. Kawo min ruwa."

"Surukanmu sun sake aikowa kan sadakin yaron nan."

"A ce musu bayan girbi."

"Malam, ai gero ya shiga rumbu."

Ba wanda ya ambaci asara, amma mai karatu ya gane, kuma auren ɗansu ya fara rawa.

Sannan ki karanta a bayyane. Duk inda tsohuwar ƙauye take magana kamar mai karanta labarai a rediyo, gyara mata baki.