Yadda Ake Haɗa Littafin Ƙawa da Tsofaffin Hotuna

Da farko a tanadi takarda mai kauri, kwali mai laushi, gam, almakashi, allura da zare mai ƙarfi, sai tsofaffin hotuna, kan sarki, tikiti da guntayen wasiƙu.

A ninka takardu 4 gida biyu tare da kwalin bango, a huda ramuka 3 a kan layin ninkin, sannan a ɗinke, a faro daga ramin tsakiya, a kuma ƙulla zaren a wurin.

Kafin a taɓa gam, a jera kayan a kan shafi, a yi ta sauya musu wuri har sai ido ya gamsu. A nan ne ake bukatar haƙuri. Hoton asali kuwa, ban yarda a shafa masa gam ba, domin sau da yawa akwai suna ko kwanan wata da wani ya rubuta a bayansa, wanda idan aka manne shi ya tafi ke nan. Gara a yi masa ƙananan aljihuna na takarda a kusurwoyi huɗu, ko a manna kwafinsa. A guji salatif, domin yana komawa rawaya ya ɓata hoto.

Bayan an manna kayan, gam ya bushe sarai, a rufe littafin, a danne shi da abu mai nauyi ya kwana.