Kat-kat ko RAV4: yadda za ka zaɓi motar da ta dace da hanyoyin Damagaram

Kafin ka je wurin dillali, ɗauki takarda ka rubuta tafiye-tafiyen da ka yi bara, ka raba su gida uku: na kan gudron, na kan burji, da na cikin rairayi inda babu hanya sai sawun mota. Takardar nan ita ya kamata ta zaɓa maka mota, ba sha'awar ido ba. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Birni, Zango, Sabon Gari da kasuwar Dole ba, sai lokaci-lokaci ya bi hanyar RN1 zuwa Mirriya, Maraɗi ko Yamai, ko ya gangara Magarya da Matamai, ba ya bukatar Land Cruiser. RAV4, CR-V ko Tucson za ta yi masa komai, kuma aljihunsa ya huta. Amma wanda kowane wata sai ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Damagaram Takaya, ko arewacin Tanut, ko ya wuce Gure zuwa Tesker, idan ya sayi ƙaramar don gudun tsada, kuɗin da ya rage zai kai su gareji.

Bambancin na gaskiya yana ƙarƙashin motar. Land Cruiser, Prado, Hilux, Fortuner da Patrol suna da shasi na ƙarfe mai kauri, dogaye biyu daga gaba zuwa baya, an ɗora bodi a kai. Gargada da murɗa duk shasin ke shanye su. RAV4 da ire-irenta kuwa bodin da shasin abu ɗaya ne, kamar na ƙaramar mota, an dai ɗaga ta sama kaɗan. Wannan ya sa ba ta da nauyi, tana da laushi a kan kwalta, ba ta layi a kwana. Sai dai idan ta shekara tana bin burji mai gargada da kaya, za ka fara jin ƙara a ƙofofi, robobin ƙafa su yage, shoka ta fara zubar da mai. Suna kaɗai ba ya isa shaida: Nissan Pathfinder daga ƙirar 2013 ta bar shasi ta koma irin ginin ƙananan, ko da yake girmanta na nan.

Abu na biyu, wanda ya fi komai muhimmanci a rairayi, shi ne ƙaramar giya. A kat-kat ta gaske, wato mota mai ja huɗu irin su Land Cruiser da Hilux, za ka ga ƙaramin hannu kusa da na giya, ko maɓalli mai juyawa, da alamar 4L ko L4. Idan aka sa shi, ƙarfin inji yana ninkuwa fiye da sau biyu a tayoyi, motar ta riƙa tafiya a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba. RAV4 ba ta da wannan. Daga ƙirar 2006, tayoyin gaba ke jan ta kullum, sai sun fara sulɓi sannan na'ura ta tura ƙarfi baya. A ƙirar 2006 zuwa 2012 akwai maɓallin kulle ja huɗu, amma da zarar gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa sai ya saki da kansa. Ya isa ya fitar da kai daga yashin ƙofar gida ko ɗan kwarin da ke kan hanyar gona. Tafiyar kilomita talatin cikin rairayi mai laushi da rana tsaka a watan Afrilu kuwa, man giya zai yi zafi, fitila ta kama, motar ta janye ƙarfin tayoyin baya daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Masu giyar otomatik ta CVT, irin X-Trail da CR-V na baya-bayan nan, sun fi saurin gajiya a nan, gyaran giyar kuma sau da yawa sai dai a sauya ta gaba ɗaya.

A kula da wani abu da dillalai ba sa son faɗa: da yawa daga cikin RAV4 da Highlander da ake kawowa daga Amurka tayoyin gaba kaɗai ke jan su. Rubutun da ke jikin ƙofar baya ana saye a manna. Durƙusa ka leƙa: idan babu farfela, wato dogon ƙarfen da ya taso daga giya zuwa tsakiyar tayoyin baya, to motar, in ba hybrid ba ce mai haɗa inji da lantarki, ba ja huɗu ba ce, kada ka biya kuɗin ja huɗu.

Tsayi daga ƙasa shi ma ana aunawa. Prado tana da wajen santimita 22, Land Cruiser 70 ta ɗan ɗara haka. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 wajen 19, wadda ta biyo bayanta kuma ta ƙara yin ƙasa, kusan 16. Tazarar santimita uku zuwa shida kamar ba komai ba ce, amma hanyoyin daji manyan motoci da amalanke ne suka haƙa su, tudun tsakiya ya yi tsayi. Cikin ƙaramar mota zai zauna a kan tudun, tayoyi su riƙa juyawa a iska. Ka kuma tuna an auna tsayin ne babu kowa a ciki. Mutum biyar da buhun hatsi biyu sun isa su cinye santimita uku.

Yanzu lissafin kuɗi, inda mutane da yawa ke rufe ido. RAV4 mai inji 2.4 ko 2.5 tana shan lita 9 zuwa 11 na esansi a kilomita 100. Prado mai V6 4.0 tana shan 14 zuwa 17, a cikin gari da na'urar sanyi a kunne ma ta wuce haka. Ɗauki mai tafiyar kilomita 15,000 a shekara: ɗaya lita 1,500, ɗaya 2,250. Tazarar lita 750 ke nan, idan an ƙiyasta lita a sefa 500, jika 375 sun tafi a mai kaɗai. Kasancewar matatar SORAZ a kusa da mu tun 2011 ya sauƙaƙa samun mai, amma bai rage wa babban inji ƙishirwa ba. Juyen mai na RAV4 lita huɗu da 'yan kai ne, injin gazuwal 1HZ na Land Cruiser kuwa kusan lita goma. Tayar Prado 265/65 R17 ta fi 225/65 R17 ta RAV4 tsada, kuma huɗu ake sauyawa tare. Vinyet da inshora su ma gwargwadon dawakin da ke rubuce a takardar mota ake biya. Abin da ke ɗan rama wa mai kat-kat shi ne ranar sayarwa: Hilux da Land Cruiser ba sa faɗuwa, musamman tun da aka buɗe zinariyar Jado a 2014. Wannan farin jinin kuma shi ya sa ɓarayi da 'yan bindiga suka fi kwaɗayinsu, abin da mai bin hanyar arewa ya kamata ya sa a ma'auni.

Highlander mai V6 3.5, a ganinmu, ita ce tarkon da ya fi kama mutane: tana shan mai kusan kamar Prado, alhali ba ta da shasi, ba ta da ƙaramar giya. Mota ce mai daɗi ga iyali a hanyar Yamai, iyakarta ke nan.

Idan takardarka ta nuna kat-kat, saura zaɓen inji. 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ta fara a 1990, ba shi da gudu, amma famfonsa na tsohon yayi ne, yana jure gazuwal ɗin jarka, kuma da wuya ka rasa bakaniken da ya san shi tsakanin Damagaram da Agadas. Sharaɗinsa a sauya bel ɗin cikin inji duk kilomita 100,000. Idan ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul. Injinan D-4D na Hilux da Prado sun fi ƙarfi da tattalin mai, sai dai ɗigon ruwa ko ƙura a gazuwal na iya kashe injekta, kowace ɗaya kuwa kuɗi ce mai yawa. Mai irin wannan injin ya ƙara matatar gazuwal ta biyu mai raba ruwa, ya daina shan man bakin hanya. Girman tanki ma abin dubawa ne: RAV4 lita 60, wasu Prado da Land Cruiser 78 suna da tanki biyu, 150 zuwa 180. Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, kuma a rairayi shan mai na iya ƙaruwa da rabi.

Ranar gwaji, ka je da bakaniken da ka yarda da shi, da safe, kafin a tada injin. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da wahalar tashi. A hau da motar kan rami. A kat-kat, a bi shasi da fitila daga gaba zuwa baya ana neman walda, tsaga, ko sabon baƙin fenti a wuri ɗaya, musamman inda sifirin ya kama. Motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye musu ƙasa: buga da guduma, idan tsatsa na zuba ɓawo-ɓawo, a bar ta. Sannan a fita da ita kan yashi a sa 4H, wato ja huɗu ba da ƙaramar giya ba, a tsaya cik a sa 4L. Ya shiga ba gardama, fitila ta tsaya ba ƙyaftawa. Motar da ta shekara biyar a birni ba a taɓa sa mata ba, sau da yawa na'urar ta daskare. A RAV4, a duba robobin da suka rufe gaɓoɓin ƙarfen tayoyin gaba; idan sun yage, yashi ya shiga, za ka ji ƙas-ƙas-ƙas idan an murɗe sitiyari har ƙarshe. Injin 2.4 na 2006 zuwa 2008 an san shi da ƙona mai, don haka a zaro sandar awo, a kuma leƙa bakin salansa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, zafin kwaltar Mayu na iya fasa ta. A ƙarshe a gwada lambar shasi da ta takardar duwan da katin mota, harafi bayan harafi.

Ko wacce ka saya, akwai kurakurai biyu da ke kashe mota a nan. Hilux da Land Cruiser 70 ba a barin su a ja huɗu a kan gudron, domin tayoyin gaba da na baya a kulle suke tare, a kwana sai ƙarfe ya murɗe, akwatin raba ƙarfi ya lalace. Prado ce aka ƙera ta tafi da huɗu kullum. Na biyu ruwan damina. A Yuli da Agusta, idan kwari ya kawo, sauka ka taka da ƙafa tukuna. Ƙaramar mota kada ruwa ya wuce tsakiyar tayarta, Prado kuma iyakarta santimita 70. Idan ruwa ya shiga ta hanyar iska injin ya mutu, kada a sake murza makulli, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A jawo ta waje a fitar da ruwan.

Ga wanda rairayi ke gabansa sau biyu ko uku kacal a shekara, biki ko gaisuwa a ƙauye, ya sayi RAV4 mai ja huɗu na gaske, ya sa mata tayoyi masu ƙarfin gefe da faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji. A but ya ajiye shebur, igiyar ja, ma'aunin iska da famfon da ake jonawa a batir. Kafin ya shiga yashi ya rage iskar taya daga bar 2.3 zuwa wajen 1.4, ya kashe na'urar hana sulɓi, ya tafi da sanyin safiya lokacin da rairayi ke da ƙarfi, ya mayar da iskar da zarar ya hau kwalta. Tafiyar da ta fi ƙarfin wannan, hayar Hilux da direbanta na kwana uku ta fi arha a kan ciyar da Prado shekara guda.